Saɓa Guda Biyu Ce

Shekarar da ruwan dam ɗin Kainji ya haɗiye tsibirinmu, Gungun Tsamiya, aka kwaso mu a jiragen ruwa aka zube mu a gefen Tungar Gawo, nan ƙasar Ngaski. Aka nuna mana gidajen siminti a jere, masu zafi kamar tanda, aka ce mu yi godiya. To, mun yi. Mun tarar mutanen Rafin Kuka sun riga mu sauka, su ma ruwan ya ci garinsu. Sai gari ɗaya ya koma unguwa uku: masu gari na asali, da 'yan Rafin Kuka, da mu 'yan Gungu da muka zo ƙarshe, waɗanda ko akuyarmu ce ta yi kuka sai an ce baƙi sun cika hayaniya.

Ni ce Rahila, ɗiyar Tamada. A lokacin ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka ba ni aji biyu a sabuwar firamaren garin. Ubana ya rasu tun ina goye. Da albasa Inna ta raine ni, da albasa ta yi mini kayan makaranta, kuma duk wanda ya san Gungun Tsamiya ya san ba a haɗa albasar Tamada da ta kowa. Da muka sauka sabon gari ba ta zauna kukan tsibiri kamar sauran mata ba. Ta tone bayan ɗakinta, ta yafa irin da ta taho da shi ƙulle a bakin zane, tana ɗebo ruwa tun daga tabkin dam tana ba shi. Irin ya fito shar, ya kai dashe. Wurin dasawa ne babu. Irin albasa kuwa in ya wuce lokacinsa ba a dasa shi ba ya tashi aiki, kuma shi ne duk abin da Inna ta mallaka a duniya.

Wuri mai kyau guda ɗaya ya rage, wata doguwar fadama a bakin tabki inda mutum zai iya ban ruwa da ƙwarya. Ma'aikacin dam ya zo ya auna ta, ya kafa turaku, ta fita fili ashirin da huɗu. Ya ce unguwoyin uku su raba tsakaninsu yadda suka saba, ya shige motarsa ya yi gaba.

Yadda aka saba kuwa shi ne jifan goro. Duk bakin kogin nan, in mutum biyu suna jayayya a kan gona ko wurin ɗaure jirgi, sai a ɓara goro ɗaya a watsa ɓarin biyu a kan tabarma. In sun faɗi iri ɗaya, duka a kife ko duka a buɗe, an ce sun dace, babba ya ci. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an ce sun saɓa, ƙarami ya ci. Ƙarami ke ɗaukar saɓa, don ba mai son a jingina masa wannan kalma, tana da warin saɓani da rashin jituwa. Kaka da kakanni haka ake yi, kuma ba a taɓa cutar kowa ba, don tsakanin mutum biyu jifan daidai yake.

Amma yanzu mu uku ne. Sai dattawa suka zauna suka fito da dabarar da suke ganin ba ta da na biyu: ai faɗuwar goro iri uku ce, mu ma uku ne, shi ke nan an huta. Mai gari Sahabi ya ɗaukar wa unguwarsa buɗe-biyu, wai su ne masu buɗaɗɗen hannu da suka karɓi baƙi. 'Yan Rafin Kuka suka samu kife-biyu. Mu kuwa aka ce, "Ku 'yan Gungu ku ne ƙanana, ku riƙe saɓa." Har da dariya aka faɗa. Mazanmu suka dawo gida suna cika suna batsewa, wai an wulaƙanta su. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowane fili jifa ɗaya, kuma filayen da unguwa ta ci za ta bi gidajenta da su bisa girma. A unguwarmu Inna ce ta bakwai. In ba mu ci bakwai ba, ba ta da ko taki ɗaya.

Ni ban haɗa wannan magana da aikina ba sai ranar Litinin, da na fito lokacin hutun tara na tarar da 'yan ajina sun yi cincirindo a gindin gawo ana shirin kokawa. Basiru ɗan mai gari ya shaƙe wuyan rigar wani yaro ɗan unguwarmu. Dudu, wata 'yar ƙaramar yarinya daga Rafin Kuka mai baki kamar reza, tana tsalle tana ihu. Ashe rabon fadama suke yi nasu na wasa, da goron da Basiru ya zaro daga aljihun ubansa, kuma 'yan Gungu sun cinye su.

"Malama, maguɗi suka yi!" in ji Basiru, ido jawur. "Tofi suka yi ga goron."

"Ƙarya yake, Malama, shi ke jifa da hannunsa," in ji Dudu. "Amma dai goron wanga yana son 'yan Gungu. Mi ya sa?"

Ni na san abin da ya sa, an koya mana da jifan kwabo a makaranta. Abin da ban yi ba shi ne in ɗaga kai in ga cewa kwabon nan da goron dattawa abu ɗaya ne, sai da yarinyar nan ta tambaya. Na kora su aji, na ce yau ba a buɗe littafi, kowa ya je ya cika aljihunsa da tsakuwa.

Muka ture bencina gefe, na shimfiɗa tabarma a tsakiya. Na ɗaga ɓari ɗaya na ce, "In na jefa wannan shi kaɗai, ta hanya nawa zai iya faɗuwa?"

"Biyu!" suka ce baki ɗaya. Wani yaro a baya ya ce uku ne, don akuya tana iya shigowa ta cinye. Na ce ya je ya tsare ƙofa kada ta shigo.

Na ajiye ƙwarya biyu, ɗaya ta kife ɗaya ta buɗe. Kowane yaro ya zo ya jefa, aka sa tsakuwa a ƙwaryar da ta ci. Muka zagaya ajin, muka sake zagayawa. Da aka juye aka ƙirga, kusan kai ɗaya suka yi, kowa ya yarda. Sai na haɗa ɓari biyu na sake tambaya.

"Uku!" Wannan karon da ƙarfi suka faɗa, don abin da suka ji a bakin iyayensu ke nan.

Na ce to, mu gani. Na ajiye ƙwarya uku. Kafin mu gama zagaye na biyu ƙwaryar saɓa ta soma tumbatsa, sauran biyun kuwa ko rabi ba su kai ba. Da aka ƙirga, abin da ke cikinta ya kusa kai na sauran biyun in an haɗa su. Kai, ka zo ka ji ilimi a wurin yara! Wannan ya ce aljanin ruwa ne ya biyo 'yan Gungu daga tsibiri. Wannan ta ce tabarmar ce ta karkace. Basiru ya ce a hana bahagwai jifa. Muka juya tabarma, muka hana bahagwai, muka sa 'yan Rafin Kuka kaɗai su jefa. Ƙwaryar saɓa ba ta fasa cika ba. Na bar su suka tafi gida da abin yana cin ransu, ban faɗa musu komai ba.

Washegari na biya wurin mai goro na zaɓo fari ɗaya da ja ɗaya. Na ɓara su a gaban aji, na ɗauki ɓarin fari da ɓarin ja na haɗa, na ce a ci gaba da jifa kamar jiya, amma kowa ya buɗe idonsa. Aka jefa, saɓa. Aka sake, kife-biyu. Aka sake, saɓa. Sai Dudu ta daka tsalle ta dira a kan tabarma.

"Malama, tsaya! Ɗazu fari ne a kife, ja a buɗe. Yanzu ja ne a kife, fari a buɗe. Ai ba ɗaya ba ne!"

"To, in ba ɗaya ba ne, ƙwarya nawa muke bukata?"

Ta ƙirga da yatsunta, leɓenta yana motsi. Duka kife. Duka buɗe. Fari kife. Ja kife. Ta ɗago ta dube ni kamar wadda ta kama ɓarawo.

"Huɗu. Malama, saɓa guda biyu ce, suna ɗaya suka sa!"

Wallahi sai da na ji hawaye ya kawo mini. Wanda bai taɓa koyarwa ba bai san daɗin wannan ba. Aka kawo ƙwarya ta huɗu, aka yi ta jifa har hannu ya gaji, ƙwaryoyin nan huɗu suka tashi kusan kai ɗaya. Na sa kowa ya zana hanyoyin huɗu a allonsa, fari da alli, ja da jar ƙasa. Har wanda bai iya rubuta sunansa ba ya zana daidai.

Sai na ce, "To, ga matsala. Unguwa uku ce, hanya huɗu ce. Yaya za a yi kada a cuci kowa?"

Wani ya ce a nemo unguwa ta huɗu. Wata ta ce a ba Malama ta huɗun. Basiru ya dubi ƙwaryoyin, ya ɗaga hannu ya ce, "Kowace unguwa ta riƙe ƙwarya ɗaya. In ta huɗu ta fito, ba na kowa ba ne, a sake jefawa." Na sa aji duka suka tafa masa. Yaron kirki ne, kuma da bakinsa ya fito da adalcin, ina so a riƙe wannan.

Da yamma na tarar da Inna a bayan ɗaki tana ba irinta ruwa. Na tsuguna na yi mata bayani da ɓarin goron nan, ina ta rawar jiki. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma sau ɗaya na nuna mata ta gane. Ta ajiye ƙwarya ta goge hannu a zane.

"Wato zagin da suka yi mana, rabin fadama suka ba mu ba su sani ba?"

"Haka ne, Inna."

"To, ki yi shiru."

"Haba Inna! Yara sama da talatin sun riga sun sani. Kuma 'yan Rafin Kuka fa? Su ma ruwa ya ci gonakinsu kamar mu. In aka yi adalci kowace unguwa za ta tashi da wajen takwas, ke kuwa ta bakwai ce. Da gaskiya ma za ki samu."

Ta ce, "Ke kin san goro, ni na san Sahabi." Ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da ban ruwa.

Yaran kuwa sun kai maganar gida, kowa da allonsa. Ka san abin da iyayen suka yi? Wannan ya ce wasan yara ne. Wannan ya mari ɗansa ya ce caca ake koya musu a boko. Baba Arzika, dattijon unguwarmu, jikarsa ta zo da murna za ta nuna masa, ya kore ta ya ce tun kafin a haifi uwarta yake jifan goro. Duk faɗin garin nan babba ɗaya ne tak ya zauna ya saurari ɗansa har ƙarshe, shi ne mai gari Sahabi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Ranar Alhamis da la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, yana ta fara'a.

"Ɗiyata, Basiru ya zo mini da wata magana, amma yaro ne, yana haɗa ta da gudu. Nuna mini da kanki."

Na nuna masa. Ya ce in sake, na sake. Ya karɓi ɓarin fari da ja ya yi ta jefawa da hannunsa, yana ajiye ƙwayar masara a gefe huɗu, yana gyaɗa kai. Na gaya masa gyaran da ɗansa ya kawo, na ce ai abin alfahari ne a ce ɗan mai gari ne ya tsamo gari daga zalunci.

"Ikon Allah," in ji shi. "Da mun cuci mutane ba mu sani ba. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Gobe za a gyara."

Na fito zaure kamar in taka rawa. Har na gaya wa Inna ta shirya kwandon dashe, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar Juma'a gari ya taru a ƙofar mai gari. Maza suka zauna a tabarmi unguwa-unguwa, mu mata muka tsaya daga baya a jikin danga, yara suka hau kan tushen gawo. Aka kawo wani tsoho mai kiran salla da kowa ya yarda da hannunsa, shi zai yi jifa. Na duba tabarmar da ke gabansa, goro ɗaya na gani, fari. Gabana ya faɗi.

Mai gari ya miƙe ya gyara riga. Ya yi salati, ya yi wa gwamnati addu'a, ya yi wa sojojin da ke bakin daga addu'a, sa'an nan ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Jama'a, kwana biyun nan ban yi barci ba. Mun zauna mun ɗora wa 'yan'uwanmu na Gungu saɓa, har muna dariya. Mutanen da suka bar kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa, su ne za mu tarba da saɓani? Wannan ba halin Tungar Gawo ba ne. Na janye. Buɗe-biyu da na ɗaukar wa unguwata, na ba 'yan Gungu, Allah ya buɗa musu. Saɓa kuwa, mu masu gari mu za mu ɗauki wannan nauyi a kanmu."

Wurin ya ɗauki kabbara. Mazanmu, mazan unguwarmu da kansu, su suka fi kowa ɗaga murya! Baba Arzika ya rarrafa ya kama hannun mai gari da hannu biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka wanke mu, ka wanke mu." Tir! Ana yanka su suna riƙe wa mahauci wuƙa.

Ban san lokacin da na ratsa tsakanin maza ba. Sai ji na yi ina tsaye a gaban tabarmar jifa.

"Ranka ya daɗe, ba haka muka yi da kai jiya ba."

Wani ya ce, "Wa ya bar mace ta shigo nan?" Mai gari ya ɗaga hannu, murmushinsa bai ko motsa ba.

"Ku bar ta, malamar 'ya'yanmu ce. Faɗi, ɗiyata."

Na juya ga jama'a na faɗa da ƙarfi. Na ce saɓa hanya biyu gare ta, sauran kuwa ɗaya-ɗaya. Na ce duk wanda ya riƙe saɓa ya riƙe rabin fadama. Na ciro ɓarin fari da ja daga bakin gyalena na ɗaga sama, na ce a ba ni tabarmar nan yanzu in nuna wa kowa da idonsa, ba zai ɗauki lokacin shan fura ba.

"Fari da ja?" in ji mai gari, ya waiwaya ga dattawa. "Ku da kuka girme ni, kun taɓa jin an haɗa goro biyu a jifa?"

"Ba a taɓa ba!" in ji su. "Goro ɗaya ake ɓarawa."

"To kin ji. Ni ba zan taɓa abin da kakanni suka bari ba. Kuma ɗiyata, ina ce ku ne kuka yi fushi da aka ba ku saɓa? Yau an ɗauke muku, kin ce a mayar. Wanne za mu kama?"

Aka bushe da dariya. Na juya ga mutanen Rafin Kuka na ce, "Ku fa? Ku ma kashi ɗaya cikin huɗu aka ba ku!" Babbansu ya kawar da kai ya ce su nasu bai canza ba, ba ruwansu da rigimar 'yan Gungu. Na juya ga Baba Arzika na ce, "Baba, don girman Allah ka ce ba mu yarda ba. Ka ce a bar mu da saɓarmu." Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Ke ɗiyar Tamada, boko ya hau miki kai? An karrama mu a gaban jama'a, ki ce mu mayar da karamci? Koma cikin mata kafin in saɓa miki."

Sai ga wata 'yar siririyar murya daga gindin gawo. "Huɗu ne! Wallahi huɗu ne, mun ƙirga!" Dudu ce, tana tsaye a kan tushe da allonta a sama. Yara biyu-uku suka kama mata. Wani ƙato ya miƙa hannu ya fizgo ta ƙasa ya ƙwace allon, sauran suka yi tsuru-tsuru. Na nemi Basiru da ido. Yana zaune a bayan ubansa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, bai ɗago ba har aka tashi.

Mata biyu suka ja ni suka mayar jikin danga. Inna tana nan inda na bar ta, hannunta a naɗe a ƙirji.

Tsoho ya ɓara goro ya yi bisimilla ya watsa. Saɓa. Ya sake, saɓa. Ya sake, buɗe-biyu, mazanmu suka yi sowa kamar an ba su sarauta. Hannun tsohon nan tsarkakakke ne, ban zarge shi da komai ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ba wanda ya yi maguɗi a gaban kowa. Goro yana faɗuwa yadda Allah ya halicce shi, filaye suna tafiya unguwar mai gari ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa duk sa'ad da saɓa ta fito sai ya girgiza kai ya ce, "Assha, ƙaddara," kamar wanda aka yi wa asara. Da aka yi nisa, sowar mazanmu ta fara raguwa. Na ga Baba Arzika yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin riga, yana kallon ƙasa.

Da aka zo fili na ƙarshe muna da shida, Rafin Kuka biyar, mai gari sha biyu. Ɗaya muke nema, ɗaya tak, a kai ga Inna. Na san hanya huɗu ce kuma ɗaya ce tamu, na fi kowa a wurin sani, amma sai da na roƙi Allah kamar wadda ba ta san komai ba. Tsoho ya watsa. Ɓari ɗaya ya faɗi a buɗe ya tsaya. Ɗayan ya gangara har bakin tabarma, ya yi ɗan juyi, ya kife.

Mai gari ya shafa fatiha. Aka yi ta yi wa juna barka da an rabu lafiya ba tare da saɓani ba. Inna ta gyara ɗaurin zanenta ta kama hanyar gida, na bi ta a baya ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya. Na ce zan kai ƙara Wara, zan kai Yelwa, zan nemo ma'aikacin dam duk inda yake. Na ce wannan fashi ne da rana tsaka. Na ce mutumin nan ya zaunar da ni a zaurensa ya kira ni ɗiyarsa, ya sha ilimin yara ƙanana ya yi sata da shi, Allah ya isa tsakanina da shi. Inna ta ci gaba da tafiyarta. Ita ta san kafin a saurari ƙarata irin ya tsufa, ni ma na sani.

Muna shiga gida ta wuce bayan ɗaki. Ta yayyafa wa irin ruwa don ƙasa ta yi laushi, ta durƙusa ta fara cirewa a hankali, tana kakkaɓe saiwa, tana ɗaurewa dami-dami da kaba. Ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa a babban kwando, ta jera su, ta rufe.

"Inna, ina za ki kai su?"

"Gidan Sahabi. Fili sha uku gare su, ba su da iri, kuma matansu ba su san dashen albasa ba. Za su nemi mai yi musu ƙodago."

"Inna, kada ki yi haka. Don Allah kada ki je ki durƙusa a filin da aka ƙwace miki."

"In bar su su mutu a nan don ki ji sanyi?" Ta naɗa gammo ta ɗora a kai. "Ke kin koya musu ƙidaya. Ni ma bari in je in koya musu albasa."

Ta tsuguna a gaban kwandon ta kama gefe ɗaya. Ya yi mata nauyi, ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Kama mini."

Na kama ɗaya gefen, na ɗora mata.